Wanda Ya Riƙe Kuɗinka, Ina Ƙofar Gidansa?

Ruwan da muke noman rani da shi a Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake gangarowa, Tiga kuwa a ƙasar Bebeji take. A garin Bebejin nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, shekara 97 kafin a kammala madatsar a 1974. In aka ambaci sunansa, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne dalar gyaɗa da tarin dukiya, sai kuma zuriyarsa da har gobe ake jin amonta a kasuwancin Najeriya. Gidansa ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali akwai abin tunani a cikinsa da ya shafi duk manomin da ke da asusu a waya yau.

Alhassan ɗan Agalawa ne, fataken da suka yi suna wajen fataucin goro zuwa Gwanja. Ya yi shekaru yana kai-komo tsakanin ƙasar Hausa da Kumasi da Akra da Legas, gidansa na Bebeji, in ya shigo Kano kuma ya sauka wajen fatomansa kamar kowane baƙon falke. Sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa daga 1912, sannan ya gina gidan kansa a birni, a wani fili da ke jikin unguwar Koki. Sunan unguwar har yau yana faɗin yadda ya same ta: Sarari. A nan ya zauna, a nan ya yi harkarsa, a nan kuma aka binne shi da ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955.

Babu wanda ya kira Alhassan mai banki, amma in muka dubi aikin da ake yi a zauren gida irin nasa, aikin banki ne tsaf. Tun kafin zuwan Turawa, babban attajiri ko fatoma a Kano shi ke saukar da baƙon falke, ya ba shi ɗaki, ya adana masa kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi kaya bashi, ya kuma riƙe masa kuɗinsa har ya je Gwanja ya dawo. Kuɗin lokacin wuri ne, kalmar “kuɗi” ma jam'in “wuri” ce. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, keso ɗaya kuma wuri 20,000 ne. Dukiya mai irin wannan nauyi ba ta shiga aljihu. Dole sai da ɗaki, ɗakin kuma a gidan wani yake, wanin nan kuwa dole a yarda da shi.

Da gyaɗa ta zo, sai tsarin ya faɗaɗa. Kamfanonin Turawa irin su Niger Company su ba manyan attajirai kuɗi, su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Alhassan kansa. Attajiri ya raba wa yaransa jari, yaran su bazu ƙauyuka su kafa sikeli, wani lokaci ma su ba manomi kuɗi tun damina kafin gyaɗa ta nuna. Kakanninmu a wannan yankin na cikin waɗanda kuɗin ke isa hannunsu a can ƙarshen layi. Labarin da ya fi yawo a kan Alhassan shi ne cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 reshen Kano na bankin Turawa, Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank na yau, ya kuma ƙi yarda a ɗora masa ruwa. Mutane na ba da labarin don nuna yawan dukiyarsa. Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne inda azurfar take kwana kafin ta hau raƙumi. A gida take kwana.

To, ga tambayar da muke so mu yi tunani a kai: mutumin da ya riƙe kuɗin wani, ko ya ba wani bashi, mene ne a wuyansa banda lissafi daidai? Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta tambayar ta shafe mu kai tsaye, don a yau mu ne maginan gidajen da kuɗin jama'a ke kwana a ciki. Amsar da tsohon gidan attajiri ke bayarwa ita ce, wajibi ne a san inda za a same shi, kuma ya zamana gudu ya fi tsayuwa tsada a wajensa.

Dubi yadda ake gina irin wannan gida. Magina su kwaɓa ƙasa su buga tubali, su ɗora katanga mai kauri, a yi rufi da azara, a ɗaure soro da bakan gizo, a shafe bango da makuba, a fitar da indararo saboda ruwan sama, a ƙawata sama da zanko. Aikin rani ne, kuma babban gida ba ya gamuwa a rani ɗaya. Bayan an tare ma aiki bai ƙare ba, don ginin ƙasa yana neman yaɓe a kai a kai, in aka yi masa sakaci damina biyu ko uku sai ya fara zaizayewa. Saboda haka mai wucewa yana iya karanta halin da maigida ke ciki a jikin bangonsa. Wanda ya zuba dukiyarsa a ginin da ba ya ɗaukuwa, ya tara iyalinsa a ciki, 'ya'yansa na zuwa makarantar allon unguwa, ya riga ya ajiye jingina a gaban jama'a ba tare da an nema ba. In ya ci amana, ba inda zai kai gidan, ba kuma inda zai kai sunan 'ya'yansa.

Sai kuma zaure. Shi ne ɗakin farko, ƙofarsa na kallon hanya, kowa na iya zuwa ya yi sallama. Mai ajiya a nan yake zuwa karɓar kuɗinsa, wanda ake bi bashi a nan yake zuwa roƙon a ɗaga masa ƙafa, a gaban duk wanda ke zaune. Maigida in zai fita masallaci ta wannan zauren zai bi, sau biyar a rana. Hausawa sun ce kunya a ido take, zaure kuwa wuri ne da aka gina don ido ya haɗu da ido. In magana ta gagara, akwai mai unguwa, akwai alƙali, kuma dukansu sun san ƙofar.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. Kalmar “banki” ta samo asali ne daga sunan bencin da 'yan canjin Italiya ke zama a kai a kasuwa, kalmar da Turawa ke kiran karayar arziki da ita kuma asalin ma'anarta karyayyen benci. A ƙananan garuruwan Amurka, a farkon ƙarni na 20, mai bankin gari yakan gina babban gidansa a inda manoman da suka ba shi ajiya za su riƙa ganinsa kullum. Da yawa daga cikin gidajen nan yanzu suna cikin kundin wuraren tarihi da ƙasar ta buɗe a 1966. Amma tarihinsu ya zo da gargaɗi: tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe a Amurka, gidajen masu su na tsaye ƙyam, ajiyar mutane ta tafi. Wannan ne ya sa suka kafa hukumar inshorar ajiya a 1933. Gida jingina ne, amma jinginar da ba ta kai yawan bashin ba, ba ta biyan kowa.

Kada kuma mu yi wa zaure kwalliyar da ba tasa ba. Idon da ke sa kunya shi ne kuma ke sa raini. Baƙon da ba shi da wanda zai tsaya masa ba ya samun ko sisi, komai gaskiyarsa. Matar aure ba ta zama a zaure, sai dai ta aiki yaro ko ta nemi uwar adashi a cikin gida. Bawa kuwa shi kansa yana cikin lissafin dukiyar, don sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Sunan Ɗantata ma, kamar yadda aka ruwaito, daga wata tsohuwar baiwa mai suna Tata ya samo asali, wadda aka bar wa renonsa bayan rasuwar mahaifinsa, lokacin da mahaifiyarsa ta tafi Akra. Mutumin da ake cewa ya fi kowa arziki a Afirka ta Yamma a zamaninsa yana ɗauke ne da sunan matar da ta riƙe amana alhali ko kanta ba ta mallaka ba. A ƙauye kuma akwai bada-kaka: a ba manomi hatsi ko kuɗi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a karɓi fiye da haka nesa ba kusa ba in an yi girbi. Mai bayarwar yana da ƙofa, kowa ya san ta, hakan bai hana shi tatse maƙwabcinsa ba.

Ashe sanin ƙofar mutum ba ya mayar da shi adali. Abin da yake bayarwa bai kai haka ba, amma ba ƙarami ba ne. Wanda aka cuta ya san wanda ya cuce shi, yana da inda zai je ya tsaya, yana da waɗanda zai kai ƙara wajensu, kuma mai cutar ya san gobe za su haɗu a jana'iza ko a filin Idi. Azzalumin da aka san gidansa ana iya yi masa wa'azi, ana iya kai shi gaban alƙali, ana iya ƙaurace wa cinikinsa. Wanda ba a san daga inda ya fito ba, sai dai a bar shi da Allah.

Mu dawo namu yankin. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa zamanin Gwamna Audu Bako, yanzu kuma yake hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ya mayar da dubban kadada gonakin da ake nomawa rani da damina. Amma ruwa kaɗai ba ya noma. Kafin manomi ya ga buhun shanshera ɗaya, sai ya biya gyaran gona da iri da taki da maganin feshi da 'yan dashe, sannan ya jira wata huɗu ko kusan haka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, a nan kuwa da wuya a yi noma sai da shi. Wani daga ɗan kasuwar da zai sayi shinkafar yake karɓa, wani daga mai shagon taki, wani daga ƙungiya, matan da ke turara shinkafa kuma daga adashi.

Mun ga abin da ke faruwa idan mai ba da bashi ba shi da fuska. A Nuwambar 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi, daga baya ya iso Kano. An raba taki da iri da kuɗi, an kuma sha wahalar karɓo bashin a jihohi da dama. Akwai waɗanda ambaliya ko ƙwari suka cinye musu gona, akwai waɗanda kayan suka iso musu a makare, akwai kuma waɗanda suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Mutumin da ba ya iya bi ta ƙofar mai shagon taki saboda ana binsa buhu biyu, shi ne zai ci na gwamnati ya yi barcinsa lafiya. Halinsa na nan yadda yake, idon da zai ji wa kunya ne babu. Rashin ƙofa yana lalata mai karɓa kamar yadda yake lalata mai bayarwa.

Wayar hannu ta kawo alheri, wannan ba mai musu. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane daidai lokacin da tumatir ke fitowa a Kwanar Gafan. Wanda ya iya karɓar kuɗi ta waya ya sayar da kwandonsa, wanda bai iya ba ya kaɗar da nasa ko ya zuba masa ido yana ruɓewa. Tun daga nan asusun waya ya shiga ko'ina. Matar da kakarta ba za ta iya zama a zauren attajiri ba, yau tana da asusu da sunanta, ba wanda ya san abin da ke ciki sai ita. Ɗan ci-rani yana tura wa iyalinsa kuɗi tun kafin ya wanke lakar gona daga ƙafarsa. Manhaja ba ta tambayar ɗan wane ne kai, wannan kuwa adalci ne da zaure bai yi ba.

Sai dai a lura da abin da ke faruwa ranar da abu ya ɓaci. In ka tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan, saƙon yakan bi ta hannu uku: na'urar bankinka, ta kamfanin NIBSS da ke haɗa bankuna, da ta bankin mai karɓa. Idan ɗaya ta yi jinkirin amsawa, ana iya cire kuɗin a nan ba su sauka a can ba. Mu masu aikin mun san kuɗin ba ɓata suka yi ba, suna rataye ne a tsakiya har a daidaita lissafi. Manomin da 'yan ƙwadago ke jiransa a bakin gona da yamma bai san wannan ba, ko ya sani ma ba zai sallame su da shi ba. Wajen wa zai je? Wajen yaron POS da ke ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. Shi ake zagi, shi ake kaiwa wajen mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, wani lokaci shi ke biya daga jarinsa don a zauna lafiya. Yaron nan shi ne zauren zamaninmu, sai dai zaure ne da babu maigida a bayansa. Yana da fuska ba shi da iko, masu ikon kuma ba a san fuskarsu ba.

Manhajojin bashin gaggawa su suka kai abin ƙarshe. Kafin wasunsu su ba ka 'yan dubbai, sai sun karɓi lambar BVN ɗinka da hotonka da izinin shiga lambobin da ke wayarka. In ka makara da kwana biyu, saƙo ya isa wajen surukinka da malaminka cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 ta kuma fitar da ƙa'idar rajista, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane a 2023. Masu wannan sana'a sun fahimci ƙarfin kunya sarai. Daga zaure suka ɗauko ta, suka raba ta biyu, suka riƙe rabin da ya yi musu. A zaure mai bin bashi da wanda ake bi duk a fili suke. A nan an tuɓe ɗaya tsirara, ɗayan ko sunansa ba a sani ba. A ganinmu nan ne zaluncin yake, tun kafin a zo maganar yawan ruwan da suke ɗorawa.

Wani zai ce to a koma wajen masu ofis. Ofis ma ba shi ne ba. MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 ba a san mata ƙofa ba, amma CBEX da ta kife da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 tana da ofisoshi da alluna, tana alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da mutane suka fusata suka afka wa ofishinta na Ibadan, kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki suka samu. Ɗakin haya na shekara ɗaya ba ya zama jingina, don wanda ya kama shi ya riga ya sa kuɗin hayar cikin abin da zai bari ranar gudu. Gidan Sarari ya yi nauyi ne saboda mai shi ba zai iya barinsa ba sai ya bar duk abin da ya sa shi mutum a gari.

A zamanin nan jinginar ta canza kama. Lasisin Babban Banki, da jarin da doka ta tilasta wa masu banki su zuba, da inshorar hukumar NDIC da aka kafa a 1988, su ne tubali da azara na yau. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, NDIC ce ta ɗauki biyan masu ajiya, kowa har naira miliyan 5, abin da tsohon gidan attajiri ba zai iya yi ba in mai shi ya karye. Amma inshora tana aiki ne ranar da banki ya mutu. Ranar da banki ke da rai kuɗinka suka maƙale, ko ranar da ƙwarin da manoma suka sa wa suna sharon suka cinye tumatir kamar yadda suka yi a 2016, abin da kake bukata mutum ne da zai saurare ka, wanda kuma yake da ikon cewa an ɗaga maka zuwa girbi mai zuwa.

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan magana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ɗora shiftar abin da za a rubuta a kan wanda ake bin bashin, tare da kafa shaidu. Ayoyi biyu kafin ta, an yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. A gwada wannan da abin da muke gani a waya. Mai ba da bashi shi ya rubuta komai, shafi a kan shafi da Turancin lauyoyi, wanda ake bi kuma aikinsa ya danna maɓalli ɗaya. Jinkiri kuwa, manhaja ba ta san shi ba sai in wanda ya rubuta ta ya sa mata shi. Kwamfuta abin da aka umarce ta take yi. In ta ci tarar mai gonar da ruwa ya cinye, wani mutum ne a wani ofis ya yanke cewa haka za a yi, ya kuma tsara yadda ba za a iya zuwa a tambaye shi ba.

Don haka muke ganin akwai abubuwan da suka zama haƙƙi a kan duk mai gina irin wannan manhaja, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba. A faɗa wa mutum da harshensa, da murya in ba ya karatu, nawa zai karɓa, nawa zai mayar, kuma yaushe, a faɗa masa da naira yadda zai iya ƙirgawa. A ɗaura ranar biya da ranar girbi, don shinkafa ba ta san ƙarshen wata ba. A bar wa mutum lambobin wayarsa. Sannan a samar da ƙofa: lambar da in an kira mutum zai ɗauka ya yi Hausa, da wakili a Kura ko Bunkure da aka ba ikon warware ƙaramar matsala nan take, ba wanda zai ce shi ma daga sama yake jira ba. Sunayen masu kamfanin su kasance a inda mai ajiya zai gani, kamar yadda kowa ya san gidan wane ne a Sarari.

Mun san amsar da za a ba mu a ɗakin taro: wannan duk kuɗi ne. Gaskiya ne. Arahar tura kuɗi ta waya ta samu ne saboda an rage gini da ma'aikata, kuma talaka ne ya fi cin moriyar arahar. In aka ce sai kowane kamfani ya gina reshe a kowane ƙauye, ƙauye zai koma ba banki kamar da. Amma tsadar nan tana nan, sauke ta kawai aka yi a kan wasu: a kan yaron POS, da manomin da ya kashe kuɗin mota zuwa Kano don bin sawun kuɗin buhu ɗaya, da matar da ta haƙura da nata don ba ta san inda za ta je ba. Attajirin da ma zaurensa ba kyauta yake zo masa ba. Tuwon baƙi da tabarmi da lokacin sauraron masu kuka duk daga ribarsa suke fita, kuma cikin kuɗin sana'a yake lissafa su. Wanda ya ce ba zai iya ɗaukar wannan ba, bai isa riƙe kuɗin jama'a ba tukuna.

Saura maganar gidajen kansu. A Kano an adana Gidan Makama an mayar da shi gidan tarihi, an adana Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya fara makarantar boko a Nasarawa a 1909. Ɗaya na sarauta, ɗaya na Turawan mulki. Gidajen fatake da fatomomi da masu rini, waɗanda cinikinsu ya raya birnin, suna hannun magada, kuma kullum raguwa suke. A Kura ma, garin da turkuɗinsa mai sheƙi ya yi suna har cikin Sahara wajen Buzaye, tsofaffin zauruka suna komawa shagunan bulo ɗaya bayan ɗaya.

Ba za mu ga laifin magada ba. Gida gado ne, akwai marayu da zawarawa da ke da rabo a ciki, fili ya yi tsada, yaɓe kuma na cin kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba adalci ba ne mu da ke kwana a ɗakin siminti mu ce wani ya zauna cikin ginin da ke tsagewa don mu riƙa zuwa ɗaukar hoto. In al'umma na ganin gida na da amfani gare ta, ita ya kamata ta biya: ta saya, ko ta ɗauki nauyin yaɓe, ko masu hali a cikin zuriyar su fanshi rabon sauran su yi wakafi da shi. In duka gidan bai samu ba, zaure kaɗai ma ya isa a bari. Mu kuma masu waya da kwamfuta akwai namu aikin: auna ginin, ɗaukar hotonsa, naɗar muryar tsofaffin da suka ga ana ƙirga sulalla a cikinsa, da kwafe takardun lissafi na ajami kafin gara ta gama da su.

Akwai mai cewa adana gidan mai kuɗi girmama dukiya ne kawai, me ya sa ba bukkar manomin da ya noma gyaɗar ba? Ƙorafin na da tushe, maganinsa kuma shi ne a faɗi labarin gidan cikakke. A faɗi wanda aka gina wa, a faɗi waɗanda suka ɗauko azarar, a faɗi su Tata, a faɗi nawa ake sayen gyaɗa a sikelin ƙauye da nawa ake sayar da ita a Kano. Bukkar manomi ba ta kai shekara ɗari, amma guminsa na cikin katangar attajiri, kuma nan ne ya rage a nuna wa jikokinsa.

Yaron da ke tasowa yau a Bunkure zai iya girma bai taɓa ganin fuskar wanda ke riƙe da kuɗinsa ba, har ya ɗauka haka duniya take tun asali. Amfanin tsohon zaure gare shi shi ne ya shiga ya tsaya a inda talaka ke tsayawa ya dubi attajiri ido da ido ya ce ya zo karɓar ajiyarsa. Wanda ya san an taɓa yin haka, in aka nuna masa sabuwar manhaja aka ce ya zuba kuɗin shinkafarsa, zai tambaya kafin ya danna: su wane ne, ina suke, in abu ya ɓaci wace ƙofa zan je in yi sallama? Mu da ke rubuta manhajar kuma, ya kamata amsar ta kasance a shirye tun kafin a tambaye mu.